Daga Ƙofar Doka Zuwa Samaru: Yadda Ɗan Sanda Zai Yi Magana A Saurare Shi

Kurtun da ya gama horo a Kwalejin 'Yan Sanda ta Kaduna aka turo shi Zariya yakan sauka a Kwangila da zaton gari ɗaya zai yi wa aiki. Ba ya daɗewa yake ganewa garuruwa ne barkatai titi ya ɗinke. Akwai cikin ganuwa, inda fadar Sarkin Zazzau take, da zaurukan malamai, inda har gobe mai unguwa ke da ta cewa. Akwai Tudun Wada. Akwai Sabon Gari da ya tashi da zuwan jirgin ƙasa, inda Bayerabe da ɗan Igbo da Banufe da Bahaushe ke haya a gida ɗaya, wasunsu ma a nan aka haifi kakanninsu. Akwai Wusasa, mazaunin Hausawa Kirista tun ƙarshen shekarun 1920. Akwai Samaru da Kongo, inda Jami'ar Ahmadu Bello ke tara ɗalibai daga kowane lungu na ƙasar nan tun 1962. Ga barikin horar da kuratan soja da ke nan tun 1924, ga rugagen Fulani da zarar ka sauka daga kwalta ta wajen Giwa ko Soba.

Yawancin rigimar da ke tashi tsakanin mai kayan sarki da mutanen waɗannan wurare ba daga mugunta take farawa ba. Daga rashin fahimtar mutum take farawa: a ga ladabi a ce rashin gaskiya ne, a ji ɗaga murya a ce raini ne, mutum ya ce "a yi haƙuri" a rubuta cewa ya amsa laifi. Kuma garin ba ya mantuwa. Tsofaffin ma'aikatan jami'a suna tune da watan Mayun 1986, lokacin da 'yan sandan kwantar da tarzoma suka shiga harabar Samaru aka rasa rayukan ɗalibai. Rikicin Kafanchan na Maris 1987 ya fantsamo har nan, na bayan zaɓen 2011 ma bai tsallake Zariya ba, sannan ga abin da ya faru a Disambar 2015 tsakanin sojoji da mabiya Sheikh Ibrahim Zakzaky. Kurtun da ko haihuwarsa ba a yi ba a 1986 shi ma yana ɗauke da wannan kaya a kafaɗarsa, ko ya sani ko bai sani ba, domin mai kallo kaki yake gani.

Minti biyun farko

Gaisuwa ce farkon aiki, kuma nan ake fara kuskure. Kada ka yanke wa mutum addini daga fuskarsa ko rigarsa ko sunansa. Dattijon da ka tsayar a Wusasa, da babbar riga da hula, mai suna Ibrahim ko Musa, yana iya zama dattijon coci. Bayeraben da ke sayar da kayan gyaran mota a Sabon Gari yana iya zama alhaji, kuma Hausarsa ta fi taka. In ba ka tabbata ba, "barka da rana", "sannu da aiki", "ina gajiya" ba su da ɓangare. In an yi maka sallama, amsa da abin da ka iya, ko da kai ba Musulmi ba ne, babu wanda zai ga baƙinka a kan haka. Sai kira: Baba, Malam, Alhaji, Hajiya, Mama, a kasuwar Sabon Gari kuma Oga da Madam sun wadatar. "Kai, zo nan!" da za ka faɗa wa sa'an mahaifinka a gaban 'ya'yansa, ka riga ka rasa shi, ka rasa unguwarsa gaba ɗaya. Haka nan sunayen da al'ummomi ba sa so a kira su da su. Mutanen Kudancin Kaduna da yawa sun fi son a ce Bajju, Atyap, Ham, Adara, Gbagyi, ba tsofaffin sunayen da maƙwabta suka laƙaba musu ba. "Arne" da "nyamiri" kuwa, da "aboki" irin wanda ake faɗa da gatse, ba su da wuri a bakin wanda gwamnati ta ba bindiga.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, har da wasu masu kakin, shi ne gabatar da kai ba alfarma ba ce. Sashe na 50 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya wajabta wa jami'i, kafin ya caje mutum ko mota, ya faɗi sunansa da ofishin da yake aiki, da abin da yake nema, da dalilinsa, kuma ya kasance cikin kaki ko da katin shaida a bayyane. A aikace ba ya cin daƙiƙa talatin: "Barka da yamma, Malam. Ni ne Kofur wane daga ofishin Sabon Gari. An kawo mana rahoton satar babur mai irin wannan launin, shi ya sa na tsayar da kai. Zan duba takardunka da lambar inji, in sun yi daidai ka wuce." Mutumin da aka gaya wa dalili da wuya ya yi gardama. Wanda aka fizge wa makullin babur ba tare da kalma ɗaya ba, dole ya yi, kuma kafin ka ankara 'yan acaɓa ashirin sun kewaye ku.

Sashe na 54 kuma ya ce launin fata, shekaru, irin askin mutum ko shigarsa, da tunanin cewa wasu irin mutane sun fi aikata laifi, duk ba dalilin zargi ba ne. A Zariya wannan sashe yana da fuskoki sanannu: ɗalibi mai tarin gashi da kwamfuta a jaka a hanyar Samaru, Bafulatani mai sanda da ya shigo cin kasuwa, mai dogon gemu da ɗangalallen wando, mace mai niƙabi. In akwai buƙatar ganin fuskar mai niƙabi, 'yar sanda za ta ja ta gefe ta duba, kuma caje jikin mace aikin mace ce. Irin wannan tsayar da matasa saboda gashi da waya yana cikin abin da ya hura wutar zanga-zangar da ta kai ga rusa rundunar SARS a Oktoban 2020.

Sai karatun jiki. Yaron da aka yi wa tarbiyya a cikin birni ba ya kallon babba ido cikin ido. Zai sunkuyar da kai, ya tsuguna, ya rage murya. Jami'in da ya taso inda ake cewa mai gaskiya shi ke kallon ido zai ce yaron nan yana ɓoye wani abu. Akasin haka ma na faruwa. Ɗan kasuwar da ya taso inda ake kare kai da murya a sama da nuni da hannu, jami'i Bahaushe zai ji kamar zaginsa ake yi. Duka biyun ba hujja ba ne. "To" a bakin Bahaushe sau da yawa "na ji" take nufi, ba "na yarda" ba. "Ba komai" daga bakin Bafulatanin da aka sara ba ta nufin raunin ƙarami ne, dauriya ce da kunya aka raine shi da su, don haka sai ka duba da idonka ka kai shi asibiti. Waɗannan duk alamu ne na inda za ka fara, ba hukunci ba. Akwai ɗan birni mai tsaurin ido, akwai ɗan Igbo mai sanyin magana.

Shiga gida

A cikin ganuwa da Tudun Wada da ƙauyuka, iyakar baƙo namiji zaure. Ka yi sallama, ka jira, ka aika yaro ya kira maigida. Doka ma ta san da wannan. Sashe na 12 na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015, wadda Jihar Kaduna ta yi tata a 2017, ya ce in wanda ake nema ya shiga wurin da mace mai kulle take zaune, sai an sanar da ita, an ba ta damar kaucewa, kafin a shiga, sai dai in mai kamun mace ce. Saboda haka fita kamu cikin birni ba tare da 'yar sanda a mota ba, gajeren tunani ne.

Zuwa da mai unguwa yana da amfani biyu: yana kwantar da hankalin mutanen gida, kuma shi shaida ne ranar da aka ce kun ɗauki abin da ba ku ɗauka ba. Masu ƙorafin cewa in an gaya wa mai unguwa labari zai riga ku isa, suna da gaskiyarsu a wasu wuraren. Maganin abin shi ne lokaci. A tsare ƙofa da bayan gida tukuna, sannan a kira shi ya zo, ba a buga masa waya tun daga ofis ba. Abin da ya fi kowanne haɗari shi ne samamen dare cikin farin kaya, a mota marar lamba, a haura katanga. Unguwannin bakin gari sun sha fama da masu garkuwa da mutane, kuma mutum mai bindiga da tsakar dare ba kaki, babu yadda maƙwabci zai bambanta shi da ɗan bindiga. Ihu ɗaya na "ɓarayi!" ya isa 'yan sintirin unguwa su fito da abin da suke da shi.

In an shiga, a bar maigida ko matar gida su riƙa buɗe akwati da kansu jami'i na kallo. Alƙur'ani ko Littafi Mai Tsarki, mai shi ya ɗaga, ba a watsar da shi ƙasa. Ba a taka dardumar salla da takalmi. Matar da ke jego ko takaba a yi mata magana ta bakin 'yar sanda ko wata dattijuwar gidan. Duk abin da aka ɗauka a rubuta shi ɗaya bayan ɗaya a gaban shaida, a sa hannu, a bar wa masu gida kwafi. A gidajen haya na Sabon Gari da Samaru kuwa matsalar daban ce: takardar izinin binciken ɗaki ɗaya ba ta buɗe ɗakuna goma sha biyu, kuma fito da duk 'yan haya tsakar gida a tsugunar da su yana mai da shaidu goma sha ɗaya abokan gaba.

In ba a sami wanda ake nema ba, a juya. Sashe na 36 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama wani a madadin wani. Ɗaukar matar aure ko tsoho zuwa caji ofis don ɗansa ya fito, ban da saɓa doka, abin kunya ne da dangi ba sa yafewa har jikoki.

Takardar bayani, inda shari'a ke mutuwa

A ganina nan ne aka fi yin asara, kuma ba a cika lura ba, saboda asarar ba ta bayyana sai bayan watanni, a gaban majistare. Tambayar farko kada ta zama "kana jin Hausa?" ko "kana jin Turanci?" Kowa zai ce e, don kada a raina shi. Tambayar ita ce: "Da wane harshe ka fi sakewa?" Wanda ke cinikin tumatir da Hausa ba lallai ya iya bayanin yadda faɗa ya tashi da ita ba. Kundin Tsarin Mulki na 1999, sashe na 35, ya ce a sanar da wanda aka kama dalilin kamunsa a rubuce cikin awa 24 da harshen da yake fahimta, kuma yana da damar yin shiru har ya ga lauya ko wani da ya zaɓa. Karanta masa wannan gargaɗi da Turanci a guje, kamar mai karanta lambar mota, bai cika sharaɗin ba.

In mutum da Hausa ya yi magana, a fara rubutawa da Hausa, da kalmominsa, sannan a fassara zuwa Turanci a wata takardar. A karanta masa ta Hausar, ya gyara abin da zai gyara, ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. In da tafinta aka yi, ya rubuta sunansa da adireshinsa da sana'arsa ya sa hannu, kamar yadda sashe na 17 na dokar 2015 ya tsara. A karɓi lambar wayarsa a adana, domin kotunan ƙasar nan sun daɗe da tsayawa a kan cewa bayanin da aka ɗauka ta bakin tafinta, in ba a kira tafintan ya ba da shaida ba, ji-ta-ji-ta ne. Mai wucewa da aka kira daga bakin titi ya fassara Fulatanci ya tafi abinsa, ya tafi da shari'ar. Kuma tafinta kada ya zama ɗan'uwan mai ƙara, ko wanda ake zargi tare, ko ƙaramin yaron gidan.

Sai tarkunan da ke cikin maganar kanta. Talaka a gaban hukuma yakan ce "a yi haƙuri, yallaɓai", ko "na tuba", ko "tsautsayi ne", ko da bai aikata komai ba. Neman sassauci ne wurin wanda ya fi shi ƙarfi. Mai binciken da ya mai da wannan "na amsa laifina" a Turanci ya gina ƙara a kan iska, lauya zai rushe ta da tambaya biyu. Abin yi shi ne a bi da tambaya: "Haƙurin me? Me ka yi da hannunka?" "Ya ci kuɗina" tana ɗaukar bashi, tana ɗaukar damfara, tana ɗaukar cinikin da ya karye. Bambancin ba ƙarami ba ne, domin sashe na 32 na dokar 2020 ya hana kama mutum kan bashi ko saɓa yarjejeniya kawai. Saɓani tsakanin ɗan kasuwa da yaron shagonsa kan sallama bayan shekarun koyon sana'a yakan zo ofis da rigar sata, alhali ƙungiyar kasuwa za ta warware shi a zama ɗaya.

Dangantaka ma sai an tona. "Yarona" yana iya zama ɗa, ko almajiri, ko ɗan aike. "Babana" yana iya zama ƙanen uba. "Ɗan'uwana" a bakin ɗan Igbo ko Tibi yana iya zama ɗan garinsu kawai. A tambaya: uwa ɗaya uba ɗaya? Mace mai alkunya ba za ta faɗi sunan mijinta ko ɗan farinta ba, za ta ce "maigidan" ko "shi wannan". Matsa mata a gaban maza ba ya kawo sunan, sai dai kuka. A ba ta takarda ta rubuta, ko wani ya faɗa ita ta gyaɗa kai. Mutum ɗaya kuma yana iya amsa suna uku: na yanka, da laƙabin gida irin su Ɗanlami ko Babangida, da wanda ke kan katin zaɓe. A rubuta duka.

Akwai wani tarkon da ba a cika kulawa da shi ba. Masu koyon Hausa da yawa ba sa raba "ya" da "ta", Zazzaganci ma kansa an san shi da sassauta bambancin namiji da mace a wasu wuraren. Shaida zai ce "ya zo da wuƙa" alhali mace yake nufi. In mutane uku ne a labarin, kada a bar "ya ce masa ya ba shi" ta wuce. A tsaya a kowace gaɓa a sa suna.

Lokaci kuma da salla ake auna shi. "Bayan la'asar", "ana kiran magariba", "da walaha". A rubuta yadda aka faɗa, kada mai rubutu ya mai da shi "ƙarfe 4:00" daga kansa, don ranar shari'a za a tambayi shaida ƙarfe nawa ne, ya ce bai sani ba, a ce ya canza magana. Haka kwanan wata: "kwana uku bayan Babbar Salla" ya fi kwanan da aka ƙaga inganci, kalanda za ta fitar da shi. Shekarun yaro kuwa, in babu takardar haihuwa, a nemi katin rigakafi ko rajistar makaranta, domin ko za a bi da shi a matsayin yaro ko babba ya rataya a kan wannan.

Hanyar tambaya ita ce a buɗe a yi shiru: "Ba ni labari tun daga farko." Mutumin karkara zai faro daga nesa, daga gonar da aka gada, daga auren da aka fasa. Kada a katse shi. Sau da yawa dalilin faɗan yana cikin wannan doguwar shimfiɗar. Tambaya irin ta "ai kai ka buge shi, ko?" tana samun "to", kuma an riga an faɗi darajar "to". Duka da barazana ba sa cikin lissafi: Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 ta mai da su laifi a kan jami'in kansa, Dokar Shaida ta 2011 kuma ta ba kotu ikon watsi da amsa laifin da aka samu ta matsi.

Inda al'ada za ta ja baya

Sanin al'ada ba miƙa wuya ba ne. Uwar da ta zo ta ce "an ɓata mini yarinya" ko "ya taɓa ta" ba za ta furta kalmar fyaɗe a kantar caji ofis, gaban masu jiran beli ba. A shigar da su ɗaki, 'yar sanda ta saurara, a yi tambaya sau ɗaya a rubuta, kada yarinya ta maimaita wa mutum biyar. A gaggauta kai ta asibiti, domin maganin kariya daga ƙanjamau cikin awa 72 yake aiki, kuma akwai cibiyar Salama a Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan don irin wannan. Bayan nan dattawa za su zo, da mai unguwa, wani lokacin da liman ko fasto, su ce a rufa asiri a sasanta a gida. A karɓe su da girmamawa, a ba su kujera, a gaya musu a fili cewa wannan ba ya cikin abin da ɗan sanda ke da ikon yafewa. Jihar Kaduna ta tsananta hukuncin fyaɗe a 2020. Sulhu na da wurinsa: rikicin iyakar gona, faɗan kishiyoyi da ba rauni, ɓarnar shanu da za a iya ƙiyastawa a biya. Wannan ba ya ciki.

Gawa ma wuri ne mai wuya. Iyalan Musulmi suna son a yi jana'iza a ranar, bincike kuma wani lokacin yana buƙatar likita ya duba, a asibitin koyarwa na jami'a da ke Shika ko wani asibitin gwamnati. Cewa "oda ce daga sama" ba ta gamsar da wanda ɗansa ke kwance. A zauna da babban gidan da limaminsu, a bayyana cewa in babu takardar likita wanda ya yi kisan zai iya kuɓuta, a ɗauki hotuna da wuri, a bi takardun da ƙafa maimakon a bar su kan tebur, kuma kada a yi alkawarin awar da ba a da iko da ita. Iyalan da za su kai gawa garinsu a kudu kuwa, ajiya da takardar tafiya suke buƙata, ba gaggawa ba.

In taro ya taru, a kasuwa ko tasha, kan ɓarawon waya ko zargin ɓatanci, mutum ɗaya ne zai yi magana daga ɓangaren 'yan sanda. Sauran su rufe baki, bindiga na kallon ƙasa. Aikin farko fitar da wanda ake zargi daga wurin, ba gardama kan ya yi ko bai yi ba. "Mun kama shi, yana hannunmu, mutum biyu su biyo mu su ba da shaida" ta fi "ku watse" aiki nesa ba kusa ba, domin ta ba masu fushi abin yi. A nemo wanda taron ke jin maganarsa: sarkin kasuwa, shugaban 'yan tasha, limamin masallacin kusa. A bar wa mutane hanyar fita, kada a datse su ta ko'ina. Barkonon tsohuwa kusa da masallacin Juma'a ana saukowa, ko ƙofar coci ranar Lahadi, yana mai da rigimar waya ɗaya rigimar addini. A Samaru da Kongo a bi ta jami'an tsaron jami'a da shugabannin ɗalibai kafin a sa ƙafa a haraba. In soja ne a cikin rigimar, ba a yi da shi a titi. A ɗauki suna da lamba, a kira 'yan sandan soja.

Jita-jita kuma ta WhatsApp take gudu. Sanarwa gajera da Hausa da Turanci, abin da aka tabbatar kawai, ta fita da wuri. Kada a ambaci ƙabila ko addinin wanda ake zargi in ba nemansa ake yi ba. "An kama mutum biyu" labari ne. "An kama Fulani biyu" gayyatar ramuwa ce a kan rugar da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba.

Duk wannan ba ya yiwuwa ranar da wuta ta kama in ba a san juna tun kafin ba. Kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a, PCRC, yana nan tun 1984, dokar 2020 kuma ta ƙara da kwamitocin tsaron al'umma. Inda suke lalacewa shi ne a cika su da masu kuɗin da ke neman katin nunawa a shingen bincike. Baturen 'yan sandan da ke son kwamiti mai amfani ya duba waɗanda babu: mata, 'yan Keke Napep, arɗo, shugabannin Yarabawa da Igbo, wakilan ƙungiyar Musulmi ta JNI da ta Kirista ta CAN, malaman tsangaya, da wani mai iya maganar hannu saboda kurame. Lambobinsu su kasance a littafi a kanta, ba a wayar mutum ɗaya da za a yi wa canjin wurin aiki gobe ba. Wanda ya kawo rahoto a ɓoye, sunansa kada ya wuce kunne biyu. In ya fita sau ɗaya, unguwar ta rufe baki shekaru.

A kanta kuma a faɗa wa dangi abin da doka ta ce ba tare da sun roƙa ba: beli kyauta ne, mace na iya tsaya wa mutum, kuma tunda akwai kotuna cikin kilomita 40, kwana ɗaya ne wa'adin kai wanda ke bayan kanta gaban alƙali. Mai azumi a ba shi damar buɗa baki, mai salla a ba shi ruwa, mai shan magani a karɓi maganinsa daga dangi a rubuta. Wajen raba aiki, kowane zubi ya samu aƙalla mai Hausa sosai, da mai Turancin buroka, da 'yar sanda ɗaya, a kuma liƙa takarda a bango mai nuna wane jami'i ke jin Fulatanci, wane ke jin Yarabanci, Igbo, Tibi ko Nufanci, da lambar da za a same shi in ba ya bakin aiki.